Kunnen Ɗantsoho

Kudu da Gadarif, tafiyar rabin yini a kan jaki daga Ƙala'at an-Nahal, akwai ƙauyen Hausawa da ake kira Garin Sharu. Jikokin mahajjata ne. Kakanninsu sun taso daga Yamma a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka ce bari su yi noman shekara ɗaya su wuce. Har yau ba su wuce ba. A gindin garin akwai tafki. Larabawa suna da sunan da suke kiransa da shi, amma mutanen gari Alhaji suke ce masa, domin yana tafiya yana dawowa.

Ba fari ke busar da shi ba. An ga shekarar da ruwa ya yi ta zuba har bukkoki suka faɗi, tafkin kuwa ya janye cikin kwana huɗu, ya bar kifi na tsalle a taɓo. An kuma ga shekarar da ya dawo ana tsakiyar rani, babu ko ɗigon gajimare. Ta ƙasa yake tafiya, ta ƙasa yake dawowa. Tsofaffi suna cewa zuwa yake ya sauke wa waɗanda suka mutu a hanya faralinsu. Wasu suna cewa akwai gari a ƙarƙashinsa, in mutanen can suka buƙaci ruwansu sai su ja abinsu. Wani injiniya ya taɓa zuwa da ƙarafansa na awo, ya kwana biyu, ya ce rami ne a dutsen da ke ƙasa. Aka tambaye shi to wa ke buɗe ramin, wa ke rufewa. Ya naɗe kayansa ya shiga mota.

Abin da babu gardama a kansa shi ne dawowar tana kisa. Ƙasar wurin baƙa ce, in ta bushe sai ta tsattsage, tsagar ta haɗiye hannun mutum har kafaɗa. Idan ruwan zai dawo, ƙasan ne ke fara zama kunu, saman yana nan a bushe kamar ɓawon tuwo. Mutum yana tafiya, ɓawon ya fashe. An yi wani makiyayi da ya ratsa da shanu arba'in don ya rage hanya. Da tafkin ya sake bushewa bayan shekara takwas, igiyoyin maruƙa kaɗai aka tsinta, a naɗe, a jere.

Amma mutanen Garin Sharu suna da dabara. Idan Alhaji ya tafi, gaiwa ba ta binsa. Takan nutse cikin taɓo ta naɗe, ta yi shekaru tana cin jikinta. Ta bakin tafki kowa na haƙa ya ci. Ta tsakiya kuwa, inda ake kira cibiya, ba a taɓa ta ko ana mutuwa, domin ita ce mai gadi. Saura kwana uku ruwa ya dawo, gaiwar cibiya takan fara kuka a cikin ƙasa. Wanda ya iya saurare sai ya gaya wa gari, a kwashe dabbobi da yara.

Sauraren nan a gidan Mudi yake, kuma daga Mudi ya faɗo kan ɗansa Ɗantsoho. Ba wani asiri ba ne. Gora ce mai rami, tsawon mutum, a soka ta cikin tsaga a kafa kunne a bakinta. Sai dai ƙasa tana da surutai da yawa, akwai na gara, akwai na iska, akwai wani mai kama da daka da ake ji wani lokaci wanda Mudi ya ce kada ya taɓa tambayar ko na mene ne. Ɗantsoho ya yi shekara shida yana bin ubansa kafin ya iya rarrabewa.

Saurare ba ya ciyar da gida. Tun da aka kawo tarakta aka yanka dajin Gadarif aka mai da shi mashru'i, wato manyan gonakin 'yan kasuwa, Ɗantsoho ɗan ƙodago ne kamar kowa. Ya yi shema a Simsim, ya yanki riɗi a Fashaga, ya yanki dawa a inda duk aka kira. Gajere ne, mai faɗin ƙafa, ba ya son magana. Matarsa ɗaya, Rakiya, ba su haihu ba, bai kuma ƙara ba. Ƙanensa Jatau, wanda Ɗantsoho ya girme shi da shekara goma sha biyar, a hannunsu ya tashi bayan rasuwar iyayen. Jatau ya koyi tuƙin tarakta, ya auri Saratu, ya zama mai dogon baki da dariya a gaban kowa. Yakan ce, “Yayana likitan ƙasa ne. Kullum yana auna ta, bai taɓa ba ta magani ba.”

Sau biyu a rayuwarsa Ɗantsoho ya ce wa gari, “Sun yi kuka.” Sau biyu ruwa ya zo a rana ta uku. Shi ke nan abin da ya mallaka a duniya. Ba shi da gona, ba shi da saniya, amma in ya faɗi magana a kan tafkin nan ko liman ba ya ƙarawa.

Alhaji ya tafi a 1982, bai dawo ba. Shekara biyu bayan nan aka yi farin da kowa ya sani. Mashru'i bai ɗauki ma'aikata ba, don babu abin yanka. Aka haƙe gaiwar bakin tafki tas, aka koma ganye. Rakiya ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, in aka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ɗantsoho ya ga irin wannan kumburi a kan uwarsa, ya san inda yake ƙarewa.

Da tsakar rana ya je, lokacin da zafi ya kwantar da kowa. Shi kaɗai ke da izinin taka cibiya, don haka ko an hango shi ba wanda zai ce komai. Ya ce wa kansa gaiwar cibiya ɗaya zai ɗauka, ai suna da yawa. Ya haƙo ta a dunƙule cikin kwanson taɓo, ya fasa, ta buɗe baki ta yi ƙara irin ta jariri mai mura. Ya toshe bakin da ƙasa, ya sa ta a buhu.

Rakiya ta sha romo ta ce, “Malam, ina ka samo? An ce ta ƙare.”

“Ta gabas, wajen ƙayar nan. An manta da wurin.”

Wanda ya ɗauki ɗaya ya riga ya san hanya. Cikin wata biyu ya ɗauko goma sha ɗaya. Ranar da ya koma neman ta goma sha biyu, ya bi cibiya taku-taku yana bugawa yana saurare har la'asar. Babu. Ashe ba su da yawa. Rakiya kuwa ta miƙe, kumburi ya sace, har ta koma ɗaukar ruwa a rijiya.

Damina ta gaba ta zo da kyau. Ruwan sama na sauka cikin tafkin yana shigewa tsaga kamar an zuba a kwando. Sai ga Ishaku, wakilin wani ɗan kasuwa mai mashru'i a kusa, ya zo ya tara dattawa a gindin tsamiya. Ya ce ƙasar da ta kwana shekaru a ƙarƙashin ruwa ba ta da kama wajen riɗi. Maigidansa zai kawo tarakta da iri, gari ya kawo hannu, a raba biyu. Mutanen da suka fito daga yunwa ba sa dogon tunani. Wani dattijo ne kaɗai ya ce, “In mai wurin ya dawo fa?”

Ishaku ya yi dariya. “Ya jama'a, ba kuna da Ɗantsoho ba? Kwana uku ai ko amarya an kwashe kayanta.”

Duk aka juyo. Liman ya ce, “Ɗantsoho, in zai dawo za ka ji?”

A nan ne ya kamata ya faɗa. Da an zage shi, da an daina gaishe shi wata biyu, da an haƙura. Ya dubi ƙasa, ya dubi Jatau da ke jingine da tayar tarakta yana murmushi, ya ce, “Zan ji.”

Jatau ne ya ja diski, garmar tarakta, ya kabce cikin tafkin, ya kewaye cibiya ya bar ta kamar tsibiri, don girmama masu gadin da babu su. Riɗi ya fito ya kai ƙirji. Kullum da sassafe Ɗantsoho yakan saɓa gora ya ratsa gonar, ya soka, ya kafa kunne, ya dawo. Mata a bakin rijiya su ce, “Baba Ɗantsoho, yaya Alhaji?”

“Shiru.”

Ba ƙarya yake yi ba, shirun ne. Sai dai da can shiru yana nufin lafiya, yanzu ba ya nufin komai, kuma shi kaɗai ya san haka. Ya fara ramewa. Rakiya ta ce ko a karɓo masa rubutu, ya ce ta bar shi. Da rana in ya ga yara suna bin iyayensu cikin gonar sai ya daka musu tsawa ba dalili. Aka ce tsufa ne ya zo masa da faɗa.

Riɗi ba kamar dawa ba ne. In ya nuna, kwana kaɗan gare ka ka yanke, in ba haka ba ya fashe ya zube. In an yanka sai a ɗaure dami-dami, a jingina su tsaye kai sama, abin da ake kira hilla, a bar su a wurin kamar mako biyu su bushe. Ba a ɗaga su. Sai sun bushe a shimfiɗa mushamma, wato tamfol, a gindinsu, a kifa kowane dami a kakkaɓe. Ma'ana, kwana goma sha huɗu dukiyar gari gaba ɗaya tana tsaye a cikin tafki, mutane kuma suna kai da kawo a tsakaninta.

Ɗantsoho ya daure kwana tara. A na goma ya tsaya a cibiya ya hango mata sun kawo wa mazajensu abinci, sun zauna a inuwar hilla, wata ta kwance goyo ta ajiye a ƙasa. Ya ji ba zai iya ba. Gaskiyar ta fi ƙarfin bakinsa, sai ya zaɓi ƙaramar ƙarya. Ya dawo gari ya ce, “Sun yi kuka.”

Ba wanda ya tambaye shi sau biyu. Maza da mata suka afka gonar, aka yi ta jidar hilla a ka da tirela. Riɗin ya fara buɗe baki, duk dami da aka ɗaga sai ka ji yana zuba kamar yayyafi, yana shigewa tsaga. Abin da ya iso tudu bai kai rabi ba. Hillolin da ke can kusa da cibiya, kamar ɗari biyu, aka bar wa ruwa.

Kwana uku suka wuce. Biyar. Bakwai. Tafki na nan a bushe, hilloli na tsaye can nesa kamar mutane a sahu. Mata suka daina tambayarsa yaya Alhaji. Ishaku yakan wuce ƙofar gidansa ya ɗaga murya, “Ya shehu, ko gaiwar ce ta yi mafarki?” Wata tsohuwa ta tofar da yawu a gabansa ta ce abincin jikokinta ya zubar. Aka yanke shawara ranar Asabar Jatau zai shiga da tarakta da mutum goma, a kakkaɓe abin da ya rage.

Da sassafen Asabar Ɗantsoho ya je cibiya, don bai san abin da zai yi in bai je ba. Ya soka gora sai ta ƙi shiga. Tsagar da jiya take haɗiye hannu, yau yatsa uku ne ke wucewa. Ya danna da ƙarfi ya zaro. Ƙarshen gorar a jiƙe yake, da sanyi kamar an tsoma a randa. Sai a lokacin ya lura da tururuwa, layi-layi, kowace da farin ƙwai a baki, duk sun nufi tudu. Babu tsuntsu ko ɗaya a kan hilla.

Da gudu ya iso bakin tafki. Tarakta na ruri, mutane sun hau tirela da mushamma da buhuna, Ishaku na tsaye da sanda a hammata.

“Kada ku shiga. Yana ƙasa. Yau zai fito.”

Wani daga kan tirela ya ce, “Sun sake kuka ne, Baba?” Aka kwashe da dariya.

“Ba su yi ba. Ba za su yi ba. Babu su.”

Jatau ya rage wutar inji. “Yaya, me ka ce?”

“Babu gaiwa a cibiya. Ni na haƙe su shekarar yunwa, goma sha ɗaya. Rakiya na ba. Tun da aka shuka riɗin nan ban san komai ba. Wancan makon ma ban ji komai ba, tsoro ne ya sa na faɗa. Amma yau ku duba.” Ya ɗaga gorar.

Rana ta riga ta busar da ita. Busasshen taɓo ne kawai a jiki, irin wanda kowace sanda ke da shi.

Ishaku ya ce, “Kalas, magana ta ƙare. Mutumin da ya ci mai gadinsa, yau shi ne zai yi mana gadi.” Amma waɗanda ke kan tirela 'yan Garin Sharu ne, ba 'yan Gadarif ba. Jin cewa wata huɗu suna yawo da 'ya'yansu a cikin tafki ba mai gadi ya isa. Ɗaya bayan ɗaya suka diro. Jatau bai sauko ba.

“Wata huɗu kana kallona ina shiga ina fita,” in ji shi. “Ka ci tuwo a gidana. Saratu ta tambaye ka, ka ce mata shiru.”

“Sauko, Jatau.”

“Wanne zan ɗauka? Na wancan mako ko na yau? Bakin ɗaya ne.”

“Na yau. Wallahi na yau. Ka zage ni, ka mare ni, amma sauko.”

“Ni ɗan Mudi ne, Yaya. Gobe in na wuce za a ce ga ƙanen wanda ya zubar wa gari da abinci. Bari in kwaso musu ko buhu ashirin ne, mu samu bakin gaisuwa.” Ya juya ga Ishaku. “Kai kuma wakili, tunda ka ce ƙarya ce, hau mu je.”

Ishaku ya ce shi aikinsa a tudu yake.

Jatau ya yi dariya, ya sa giya. Tarakta ta gangara tana jan tirela ba kowa, ƙura na tashi a bayanta. Ƙasar ta ɗauke ta lafiya lau. Ɗantsoho ya yar da gora ya bi ta a ƙafa yana kira. Rana ta ɗaga, kawalwalniya ta kwanta a kan tafkin, taraktar ta shiga cikinta ta fara rawa, ta rabu biyu, sannan ido ya daina rarrabe ta da hilloli.

Ya yi kamar rabin hanya sai ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashinsa kamar ya taka cikin dabba. Ɓawon ya fashe, ya nutse har kwankwaso. Abin da ubansa ya koya masa ya yi, ya kwanta rub da ciki ya baza hannuwa, kuncinsa a ƙasa. Ta haka kunnensa ya manne da tafkin ba da niyya ba. Ya ji injin sarai ta cikin ƙasa, yana tafiya, yana tafiya. Ya ji ya yi nauyi kamar mai hawan tudu. Ya ji ya tsaya. Can sai ya ji an ce, “Yaya.” Sau ɗaya, ba da ihu ba, kamar yadda ake kiran mutum daga ɗaki zuwa ɗaki. Ya ɗaga kai, babu komai a iska. Ya mayar da kunne. Daga ƙasa ne. Bayan wannan sai dakan nan, a hankali, turmi fiye da ɗaya.

Da jan ciki ya fito, tururuwa na bin fuskarsa. Kafin la'asar ruwa ya shimfiɗu daga wannan gaɓa zuwa waccan, lumui, ba ko kumfa. Aka kwana bakwai ana bi da kwale-kwalen da aka ɗauko daga kogin Rahad a kan lori. Ba tarakta, ba tirela, ba hula.

Rana ta takwas liman ya zo gidan Jatau da dattawa uku, aka aika Ɗantsoho ya zo. Saratu na zaune a bayan zana, ba ta san ko ta fara takaba ba ko a'a. Ba gawa, ba kabari. Waɗanda ke tudu ba su ga komai ba sai kawalwalniya. Akwai ma masu cewa ƙila ya ratsa ya fita ta gabas, kunya ta sa ya wuce Fashaga.

Liman ya ce, “Kai kaɗai ka bi shi. In ka ga mutuwarsa da idonka, ka faɗa, mu yi abin da za mu iya, yarinyar nan ta shiga takabarta. In ba ka gani ba, hukuncin wanda ya ɓace ne. Sai ta jira shekara huɗu.”

Wani dattijo ya matso ya yi ƙasa da murya. “Ka ce ka gani mana. Kowa ya san ya mutu. Ka sauƙaƙa mata.”

Saratu ta yi magana daga bayan zana, muryarta a bushe. “Yaya, ka ce ka gani. Ai ka iya.”

Ɗantsoho ya dubi hannuwansa, har yanzu akwai baƙar ƙasa a ƙarƙashin farce.

“Ban gani ba,” ya ce. “Ji na yi.”

“Me ka ji?” in ji liman.

Ya faɗa musu duka, har da kiran, har da dakan. Liman ya saurara, ya shafa gemu, ya ce ji ba shaida ba ne, balle jin wanda aka riga aka sani. Dattawa suka tashi suka karkaɗe riguna.

Saratu ta yi shekara huɗu ba matar aure ba, ba bazawara ba, sannan ta yi takaba ta koma wajen danginta a Simsim. Ba ta yi masa sallama ba. Rakiya ta rayu shekara ashirin da biyu bayan nan, lafiyayya, tana dafa masa tuwo tana ajiyewa, magana tsakaninsu ba ta wuce ta gishiri da itace ba. Shi kuma ya ci gaba da bin lori zuwa yankan riɗi har ƙarfinsa ya ƙare. A mashru'i an san shi da abu ɗaya: in aka tambaye shi ko da ƙarfe nawa ne, sai ya ce bai sani ba, a tambayi wani.